Tasha ba ta gina gari: a tambayi mutanen Swindon

Duk lokacin da gwamnati ta sanar da shimfiɗa sabon layin dogo, gardamar da ke biyo baya guda ɗaya ce: a wane gari za a sa tasha? Sai ka ga tawagar dattawa ta nufi babban birni, 'yan majalisa na kumfar baki, masu faɗa a ji na ta rubuta takardu. Kowa ya sa a ransa cewa da zarar jirgi ya fara tsayawa a garinsu, kakarsu ta yanke saƙa. In aka nemi hujja sai a nuno Ingila, a ce ai ga yadda jirgin ƙasa ya mayar da ƙauyuka birane a ƙarni na 19. Ni dai ban gamsu da wannan karatu ba. Tarihin Ingilan da ake kafa hujja da shi, in aka bi shi gari-gari, wani abu daban yake faɗa, kuma babu inda abin ya fito fili kamar Swindon.

A shekarar 1841 Swindon wani ɗan ƙaramin gari ne a kan tudu a yankin Wiltshire, mutanensa ba su wuce 2,500 ba. Abin da aka san shi da shi kasuwar dabbobi ce da cuku da fasa dutse. Zuwa 1901 mutanen garin sun haura 45,000. Wanda ya kalli waɗannan alƙaluma biyu kawai zai ce ai magana ta ƙare, jirgi ya zo, gari ya bunƙasa. Amma layin da kamfanin Great Western Railway ya shimfiɗa daga Landan zuwa Bristol, mai tsawon mil 118, wanda aka kammala a 1841, ba Swindon kaɗai ya ratsa ba. Ya bi ta Steventon, inda na ɗan wani lokaci matafiya zuwa Oxford suke sauka su hau keken doki, har shugabannin kamfanin suka riƙa yin taronsu a can saboda kusan tsakiyar hanya ne. Steventon ƙauye ne a lokacin, ƙauye ne kuma har gobe. Ya bi ta Wootton Bassett, maƙwabciyar Swindon ta yamma, ita ma ta samu tasharta, ta ci gaba da zamanta ƙaramar kasuwa. Jirgi ɗaya, dogo ɗaya, lokaci ɗaya. Me ya bambanta su?

Wata wasiƙa ce. A 1840 wani saurayi mai suna Daniel Gooch, wanda aka naɗa shugaban sashen kawunan jirage na kamfanin tun bai cika shekara 21 ba, ya rubuta wa babban injiniya Isambard Kingdom Brunel cewa a Swindon ya kamata a kafa babban wurin ajiye injuna da gyara su. Dalilansa na ma'aikaci ne zalla. Daga Landan zuwa Swindon hanya shimfiɗaɗɗiya ce, daga nan zuwa Bristol kuma akwai hawa da gangara, har da dogon ramin da aka huda cikin tudu a Box, don haka dole a canza kan jirgi a wajen. A nan ne reshen da zai nufi Gloucester da Cheltenham zai rabu da babban layi. Ga kuma hanyar ruwa da aka haƙa tun 1810, wadda za ta kawo kwal daga Somerset a kan farashi mai sauƙi. Mutanen garin suna da wani labari da suka fi so, wai Brunel da Gooch suna cin abinci a fili sai ɗayansu ya jefa dutse ko gutsuren burodi, suka ce inda ya faɗi nan za a yi gini. Labari ne mai daɗin ji a hira, amma kamfanin da ke kashe kuɗin masu hannun jari ba ya zaɓen wuri da jifa.

Kafin in shiga maganar masana'antar, bari a ga abin da tasha ita kaɗai ta haifar, don a nan ne abin dariyar yake. Kamfanin ya rasa kuɗin gina tashar Swindon, sai ya yi yarjejeniya da wasu 'yan kwangila, J. da C. Rigby: su gina tasha da aljihunsu, a ba su hayar ɗakunan sayar da abinci na shekara 99 a kan kwabo ɗaya a shekara, da sharaɗin kowane jirgin fasinja zai tsaya minti goma a Swindon. Wato an ɗaure musu masu saye an kawo har ƙofa. To wanda ya san dole a saya a wurinsa me zai sa ya gyara girki? Abincin Swindon ya yi ƙaurin suna a faɗin ƙasar, ga tsada ga rashin daɗi, har Brunel da kansa ya rubuta wa mai wurin wasiƙar ba'a a kan kofin da yake dafawa. Sai a 1895 kamfanin ya biya fam 100,000 ya fanshi kansa daga wannan ƙangi, don jiragensa masu sauri su daina ɓata lokaci. Shekara hamsin da ɗoriya kowane jirgi yana tsayawa, dubban matafiya na sauka su kurɓi shayi mai zafi a tsaitsaye su ruga. In da tsayuwar jirgi ce ke gina gari, da wannan ya isa. Abin da ta gina kuwa 'yan masu kawo abinci ne da aljihun ɗan haya.

Masana'antar da ta fara aiki a Janairun 1843 ita ce ta sauya komai. Da farko gyara kawai ake yi, da 'yan ɗaruruwan ma'aikata. A 1846 suka ƙera kan jirgi nasu na kansu. Daga nan kowane sabon aiki sai ya jawo wani: wurin narka ƙarfe, wurin ƙera tukunyar tururi, wurin feƙe ƙafafun jirgi. A farkon shekarun 1860 aka buɗe wurin murza ƙarfen dogo, aka ɗebo gwanayen aikin daga Wales da iyalansu, suka kafa unguwarsu da cocinsu inda ake wa'azi da harshensu. Bayan haka kamfanin ya so ya kafa wurin ƙera taragon fasinja a Oxford, manyan jami'ar garin suka ƙi, ba sa son hayaƙi da leburori kusa da ɗalibansu. Gooch ya zama shugaban kamfanin a 1865, aikin kuma ya dawo Swindon a 1868. Da shi ne kafintoci da masu fenti da masu ɗinkin kujeru suka shigo, har mata suka samu aikin ɗinki da goge katako. A ganiyarta, cikin rabin farko na ƙarni na 20, masana'antar ta ɗauki mutum wajen 14,000.

Abin lura a nan shi ne bambancin matafiyi da ma'aikaci. Matafiyi ya sayi shayi ya wuce. Maƙerin da ke karɓar albashi kowane mako kuwa sai ya kama haya, ya yi aure, ya sayi nama da takalmi, ya sa ɗansa a makaranta, in yaron ya tasa ya nema masa gurbin koyon sana'a a inda yake aiki. Kuɗinsa a garin yake kwana. Sannan sana'ar da ke hannunsa ba ta tsaya ga jirgi kaɗai ba: wanda ya iya feƙe ƙarfe daidai da awo zai iya aiki a kowace masana'anta.

Sai dai akwai wata tatsuniyar ta biyu da nake so in taɓa, wadda masu yabon Turawan da can suka fi so: wai kamfanin uba ne mai tausayi, ya gina wa ma'aikatansa gidaje da asibiti da ɗakin karatu. Gaskiya ne an gina gidaje kimanin 300 na dutse kusa da masana'antar, a jere reras, tituna ɗauke da sunayen garuruwan da jirgin ke zuwa, kamar Bristol da Bath da Exeter da Oxford. Suna nan har yau, masu yawon buɗe ido na ɗaukar su hoto. Amma a shekarun farko cunkoso ne a cikinsu, iyali biyu ko uku a gidan da aka yi don ɗaya, ruwan sha ba kyau, magudanan ƙazanta ba su wadata ba, cututtuka masu yaɗuwa suna ɗibar yara. A cikin masana'antar kuma hatsari abin yau da kullum ne, yau yatsa, gobe ido, jibi ƙafa.

Kwatsam kuma sai kasuwar hannun jarin jiragen ƙasa ta rushe. Shekarun tsakiyar 1840 Ingila ta yi haukan zuba kuɗi a layukan dogo, a 1846 kaɗai majalisa ta amince da dokoki sama da 270 na sababbin layuka, da yawansu ba a taɓa shimfiɗa su ba. Da guguwar ta lafa a 1847, aka sallami mafi yawan ma'aikatan Swindon, waɗanda suka rage aka rage musu kwanakin aiki. A cikin wannan ƙunci ne, ba a cikin yalwa ba, aka kafa Asusun Magani na ma'aikatan a 1847. Gooch ya roƙi shugabannin kamfanin su bai wa likita gidan zama kyauta don ya riƙa duba waɗanda suka ji rauni. Sauran kuɗin kuwa daga albashin ma'aikata ake cira, kowa daidai ƙarfinsa, kamar adashin da ba a ɗauka sai ranar da ciwo ya kama ka ko iyalinka. Su ne kuma ke zaɓen kwamitin da ke juya kuɗin. Da wannan taro-sisi suka buɗe ƙaramin asibiti a farkon shekarun 1870, Gooch ya ba da gudummawar fam 1,000 daga aljihunsa. Daga baya suka ƙara likitan haƙori, ɗakin ba da magani, wuraren wanka da na ninƙaya. Wanda ya rasa ƙafa, kafintocin masana'antar ne ke sassaƙa masa ta katako. Shekara ɗari da ɗaya wannan tsari yana aiki kafin gwamnatin Birtaniya ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948 ta karɓe shi, kuma mutanen Swindon har yanzu suna bugun ƙirji cewa daga wurinsu aka kwaikwaya.

Haka abin yake da ƙungiyar ilimin ma'aikata da suka kafa a 1844. Ta faro ne da 'yan littattafan da wasu ke ara wa juna. A 1855 ta samu katafaren gininta a tsakiyar unguwar, da ɗakin karatu, da azuzuwan dare na lissafi da zanen injiniya, da dandalin wasanni, har da kasuwa a gefe don matan ma'aikata su daina hawa tudu sayen cefane da tsada. Kamfani ya taimaka, ban musa ba. Amma wanda ya ce kamfani ne ya yi, ya ci haƙƙin mutanen da suka tashi daga aikin sa'a goma suka zauna taron kwamiti da dare. A ganina wannan ne sashen tarihin Swindon da ya fi cancanta a riƙa ba da labarinsa, shi ne kuma aka fi tsallakewa.

Su kuwa mutanen tsohon gari na kan tudu, kallon baƙi suke yi wa na ƙasa. Tsakaninsu filaye ne da wata hanya mai laka. Kowanne da hukumarsa, kowanne da ruwansa da fitilunsa, na sama suna ganin su ne 'yan asali, na ƙasa suna ganin su ne masu kawo kuɗi. Duk wanda ya san zaman birni da Sabon Gari a Kano ko Zariya ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai a 1900 aka haɗe su gari ɗaya, lokacin sabon ya riga ya ninka tsohon sau da yawa.

Kada kuma a ɗauka ina cewa garin da ya dogara da masana'anta ɗaya aljanna ce. Jiniyar masana'antar ce ke tayar da gari daga barci, ana jin ta daga ƙauyuka masu nisa, wanda ya makara a yanke masa albashi. Kamfani ne mai gidan da kake haya, shi ne mai aikin, shugabansa Gooch kuma shi ne ɗan majalisar mazaɓar na tsawon shekara ashirin, daga 1865 zuwa 1885. Wa za ka kai ƙara, kuma wurin wa? Hutun shekara da ake ta yabo, inda ake ba ma'aikata da iyalansu jirgi kyauta zuwa bakin teku irin su Weymouth har gari ya zama kufai, hutu ne ba albashi har zuwa 1938, iyalai da yawa su dawo su tarar da bashi na jiran su. Wani maƙeri mai suna Alfred Williams, wanda ya shafe sama da shekara ashirin a gaban gudumar tururi kuma ya koya wa kansa Latin da Girkanci, ya buga littafi a 1915 yana bayyana zafi da hayaƙi da cin zalin shugabannin aiki. Bai fitar da shi ba sai da ya bar aikin, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda bakin mutane yake a ɗaure. A Crewe, wani garin da kamfanin jirgi ya gina a arewa maso yammacin Ingila bayan ya kai masana'antarsa can a 1843, abin ya kai ga a shekarun 1880 ana matsa wa ma'aikata lamba saboda jam'iyyar da suke goyon baya.

Akwai kuma batun faɗin dogo, wanda ya ci kuɗi ba kaɗan ba. Brunel ya zaɓi faɗin ƙafa 7 da rubu'in inci, alhali yawancin ƙasar na amfani da ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Ta fuskar injiniya yana da hujja, jiragensa sun fi gudu da natsuwa. Amma duk inda layukan biyu suka haɗu, kamar Gloucester, sai an sauke kaya da fasinja an sake lodi. Majalisa ta yanke hukunci a 1846 cewa sababbin layuka su bi ƙaramin faɗin, duk da haka kamfanin ya ja abin har watan Mayun 1892, lokacin da ma'aikata sama da 4,000 suka sauya mil 170 da 'yan kai a cikin kwana biyu. Tsofaffin injuna da taragai aka jero su a Swindon a kan layukan ajiya masu tsawon mil da yawa, wasu aka gyara, wasu aka farfasa. Kuskuren kamfani ne, amma dubi wanda ya ci moriyarsa: garin da ke da maƙera. Ko ɓarna aka yi, aikin gyaranta wurinsu yake zuwa.

Mai musu zai ce, to ai masana'antar ta mutu. Haka ne. A 1960 aka ƙera kan jirgi mai tururi na ƙarshe na hukumar jiragen Birtaniya a Swindon, aiki ya yi ta raguwa, a 1986 aka rufe ƙofa. Yau wani sashen gine-ginen kantuna ne, wani gidan tarihi, ginin ƙungiyar ilimin nan kuma ya daɗe a kulle yana lalacewa. Amma garin bai mutu ba. Tun shekarun 1950 hukumomin garin suka hango abin da ke tafe, suka jawo jama'a da masana'antu daga Landan, aka buɗe wurin buga jikin mota, daga baya Honda ta zo ta yi shekaru tana ƙera motoci kafin ita ma ta tattara a 2021. Babbar hanyar mota ta M4 ta taimaka, kusanci da Landan ya taimaka. Sai dai ina da yaƙinin cewa mai masana'anta da ke neman wurin zama yana duba inda zai samu hannayen da suka san ƙarfe, kuma Swindon ta gaji irin waɗannan hannaye daga kaka da kakanni. Steventon, da aka rufe tasharta a 1964, ba ta da abin da za ta nuna wa kowa.

Mai musu na biyu zai kawo Kano, kuma hujjarsa ta fi ƙarfi. Jirgi ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama dala, ba tare da wata babbar masana'antar jirgi ba. Gaskiya ne. Amma Kano ta riga ta zama cibiyar ciniki ɗaruruwan shekaru kafin a kafa ƙarfen farko. Tana da fatake masu jari da dillalai da manoman da suka san abin da kasuwa ke so, har Turawan da suka ci burin auduga suka tarar manoma sun zaɓi gyaɗa. Jirgi ya samu kaya a ƙasa ya ɗauka. Nguru da Ƙaurar Namoda, inda layuka suka tsaya a wajajen 1930, sun yi tashe muddin akwai gyaɗa da fata da shanun da za a loda. Kafanchan ta girma ne saboda mahaɗa ce, akwai ma'aikatan reluwe da ke zaune da iyalansu, kuma da harkar jirgin ta durƙushe garin ya ji a jikinsa. Ko'ina ka duba, ɗayan biyu ne: ko gari yana da abin da zai loda, ko yana da aikin da zai yi wa jirgin. Wanda ba shi da ko ɗaya, jirgi na iya ma kwashe masa ɗan abin da yake da shi. Marlborough, wadda ta fi Swindon suna a zamanin keken doki saboda tana kan hanyar Landan zuwa Bath, ta ga masaukanta sun bushe da zarar matafiya sun koma jirgi, har babban masaukin garin aka mayar da shi makaranta a 1843.

Yanzu ana aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Faɗinsa irin na zamani ne, alhali tsofaffin layukanmu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato matsalar Gloucester tana nan tana jiranmu a duk inda tsoho da sabo suka haɗu. Na san jirgin yau ba ya buƙatar mutum 14,000, kuma ba wanda zai ƙera kan jirgi daga ɗanyen ƙarfe a Katsina bana ko baɗi. Swindon ma da gyara ta fara, shekara uku kafin ta ƙera nata. Ƙafafun jirgi suna cinyewa, birki na ƙarewa, taragai na buƙatar walda da fenti, na'urorin sigina na lalacewa, kuma dole a yi waɗannan ayyuka a wani wuri, ko a gida ko a ƙasar da aka sayo kayan. Tawagar dattawan da za ta je neman tasha, da za ta ƙara tambaya uku a takardarta da ta fi cin riba: a ina za a kafa wurin gyara, yara nawa za a ɗauka koyon aiki kowace shekara, kuma wane sashe na kayan gyaran ne yarjejeniya ta ce a yi a cikin ƙasa. Irin wannan magana tun ana rubuta kwangila ake yin ta. Gooch ya aika wasiƙarsa a 1840, tashar Swindon kuwa sai a 1842 aka buɗe ta.